Shekarar da Dusar Ƙanƙara Ta Ƙi Sauka a Gonakin Nebraska

Sito ɗaya a kasuwar abincin dabbobi ta Doha, mota ɗaya mai buɗaɗɗen baya, masu saye shida, da takardar izinin kasuwanci mai ɗauke da sunan kafil ɗina, wato Balaraben da ya tsaya mini. Iyakar abin da nake da shi ke nan a shekarar da zan ba ku labarinta. Duka na ɗora su a kan kwantena takwas na ciyawa, kuma dalilina guda ne: a wata jiha ta Amurka da ban taɓa takawa ba, lokacin sanyi ya yi nisa amma dusar ƙanƙara ba ta sauka ba.

Domin ku nake rubuta wannan, ku ɗaliban da kuke zuwa gidana a unguwar Old Airport cin tuwo ranar Juma'a. Kwanan baya ɗayanku, bakinsa cike da miyar kuka, ya ce, "Alhaji, ai sana'arka hutu ce. Ka sayi ciyawa, ka sayar da ciyawa, raƙumi kuma ba ya mayar da kaya." Na yi dariya tare da ku. Amma raƙumi yana mayar da kaya. Zai shinshina, ya ɗaga kai, ya juya baya, mai shi kuma ba zai sake kiran wayarka ba.

Damin farko da na taɓa sayarwa harawar wake ce, a rumfar mahaifina a kasuwar shanu ta Potiskum. Shi ba ya koyarwa da dogon bayani. Zai miƙo maka dami ya ce ka tura hannu cikin tsakiyarsa har gwiwar hannu. In sanyi ka ji, lafiya lau. In ɗumi ka ji, akwai laima a ciki, ta fara ruɓewa ko da wajenta kore ne shar. Daga nan ka shinshina, sannan ka murza ganye a tafin hannu ka ga ko zai zama gari ko zai tsaya. Muna saye da kaka, mu ɗora a kan rufin ɗaki da reshen bishiya, mu sauke da bazara lokacin da dabba ba ta da abin ci a daji. Ribar duk tana tsakanin waɗannan lokuta biyu, kuma wanda ya iya karanta damina tun tana tsakiya shi ne ya san yawan da zai ajiye.

A farkon shekarun dubu biyu na zo Doha, a matsayin mai kula da dabbobi a izba, wato garken bayan gari, na wani mutum da ake kira Abu Nasir. Yana da raƙuma na tsere, da awaki, da dawakai kaɗan. Wata rana aka kawo masa mota cike da barsim, ciyawar nan mai ƙananan ganye da masu raƙuma suka fi so. Na tura hannu a dami uku, duka ɗumi. Na ce kada a sauke. Ya sa aka yanke igiyar ɗaya, sai ga cikinsa fari fat da hunhuna. Tun daga ranar duk ciyawar da za ta shiga garkensa sai ta bi ta hannuna. Bayan shekara biyu ya buɗe mini sito da sunansa, riba mu raba uku, ya ɗauki biyu.

Kayan aikina ba su da yawa. Ƙugiya biyu na jan dami, wuƙa, sikeli, katakai da ake shimfiɗawa don kada ciyawa ta taɓa siminti, da tampol. Daga baya na sayi wani tsinken ƙarfe mai agogo a kai, wanda ake sokawa cikin dami ya nuna yawan laima. Yana da amfani gaban mai saye, domin Balarabe yana son ya ga allura ta motsa. Ni dai har yau sai na tura hannu.

Masu saye kuwa kowa da halinsa. Mai raƙumin tsere ganye yake nema, da siririn kara, kuma zai tsinke kara ɗaya ya tauna a gabanka. Mai doki tsoron ƙura yake, zai buga dami da sanda ya duba abin da ya tashi. Mai awaki araha kawai yake so. Dukkansu ba wanda zai yi maganar ciyawa kafin a sha shayi, kuma in ka yi gaggawar faɗin farashi sai su ɗauka kana cikin matsuwa.

Hanyar Amurka ta wajen Isyaka ta buɗe mini. Mutumin Zangon Kumasi ne, yana tuƙa motar ɗaga kaya a tashar jirgin ruwa ta Doha, muna haɗa tukunya a ɗaki ɗaya. Allah ya ba shi bizar Amurka, ya sauka a jihar Nebraska, ya samu aikin tuƙa tirela. Wata rana ya kira ni yana ihu.

"Maigida, ka san abin da nake ɗauka a nan? Ciyawa! Na bar ka da ciyawa, na zo na tarar da ciyawa. Ko asiri ka yi mini?"

Na ce, "Ɗan Zango, bar surutu. Wace iri?"

"Irin taka. Amma nan noma ta ake yi kamar masara. Fili ne shimfiɗe, ba dutse, ba bishiya, sai ka yi tuƙi tun safe ba ka ga ƙarshensa ba."

Ya aiko mini da ɗan samfur a kwali ta hannun wani matafiyi. Da na murza ganyen nan na san ban taɓa riƙe irinsa ba. Gonar wata dattijuwa ce, Madam Doris, mijinta ya rasu, tana noma da ɗanta, kuma suna da injin da ke matse dami har ya shiga kwantena. Na fara da kwantena ɗaya. Kafin shekara ta zagayo masu sayena sun kai tara.

Sai ku fahimci abu ɗaya game da barsim, in ba haka ba sauran labarin ba zai shige ku ba. Ba a shuka ta duk shekara. Saiwarta tana zama a ƙasa shekaru, a yanke ta sau uku ko huɗu a lokacin zafi, da sanyi ta yi barci, da ɗumi ya dawo ta sake tofowa. Saboda haka amfanin baɗi yana kwance a ƙarƙashin ƙasa duk tsawon lokacin sanyi.

Mummunar shekarata ta fara ne da kiran Isyaka bayan la'asar, lokacin can safiya ce. Ya ce dusar ƙanƙara ta rufe musu ƙofa, hanyoyi sun toshe, shanu sun maƙale a fili ana kai musu abinci da ƙyar. Na tambaye shi gonakin fa. Ya ce, "Wane gona? Ko shingen ba a gani." Ni kuwa abin da na sani game da ƙanƙara shi ne na gida: in ta sauka a kan gero da wake, manomi ya ɗora hannu a ka, mai harawa kuma ya ruga ya saye duk abin da ya rage kafin labari ya bazu. Haka mahaifina ya yi, haka na yi. Na sayi kwantena huɗu na tsohuwar ciyawa, a daidai lokacin da makiyayan can suke rububinta saboda shanunsu ba su iya kiwo, farashi ya kai ƙololuwa.

Da ɗumi ya dawo, gonakin nan suka tofo kamar ba a taɓa yin sanyi ba. Sabuwar ciyawa ta cika ko'ina. Kafin tsakiyar zafi dillalan Dubai sun cika kasuwarmu da kaya kore mai araha, tawa kuwa ta fara komawa ruwan ɗorawa a sito. Masu awaki na sayar wa a faɗuwa. Mutum uku cikin masu sayena suka koma wajen wasu. Abu Nasir ya zo sito, ya zagaya, ya tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce, "Ya Adam, hannunka na yarda da shi. Kanka ne ban sani ba. Shekara ɗaya na ƙara maka. In aka sake haka, kalas, magana ta ƙare, na rufe takarda, ka koma izba ko ka koma gida, ka zaɓa."

Ban yi musu ba. Na sa Isyaka ya je gonar Madam Doris ya kira ni daga ɗakin girkinta, shi ne tafinta, domin Turancinta ta hanci yake fita. Na ce ya tambaye ta yadda aka yi ciyawa ta rayu ƙarƙashin wannan bala'i. Na ji dariyarta tun kafin ya fassara.

Isyaka ya ce, "Ta ce a gaya maka dusar ƙanƙara bargo ce. In ta rufe gona da kauri, sanyi ba ya kaiwa ga saiwa. Da ta narke kuma ita ce ruwan farko."

"To me ke kashe ta?"

Ta lissafa masa, yana maimaita mini ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa tsirara da iskar arewa tana bugunta, domin a filinsu ba abin da ke tare iska. Ɗumi a tsakiyar sanyi, wanda zai tashi ciyawa daga barci, sannan sanyi ya dawo ya same ta a farke. Da ruwa da zai kwanta a gona ya daskare ya zama faranti, saiwa ta rasa numfashi. Ta ƙara da cewa ko dusar ta sauka iska tana share ta, shi ya sa manomi mai hankali yake barin yankan ƙarshe da tsayi, karan ya riƙe ta.

Tun daga nan na mayar da kiran Isyaka aiki. Duk Juma'a tambaya uku nake masa: kana ganin ƙasa ko fari? Daga ina iska take? Akwai ruwa kwance a gona? Har ya gaji ya ce, "Maigida, ko lafiyata ba ka tambaya. In na mutu ma cewa za ka yi a duba kabarina ko akwai dusa a kai."

Sanyin da ya biyo baya ya shigo shiru. Watan Disamba ya wuce, ƙasa tsirara. Isyaka yana ta murna, hanya a bushe, yana samun lodi. Ya kuma faɗi wani abu da bai ɗauke shi komai ba: manoma da yawa sun yi kwaɗayin yanka na ƙarshe, sun aske gonaki tas kamar kan yaro ranar jajibirin salla. A Janairu aka yi mako guda na ɗumi, ya ce mutane suna yawo da riga ɗaya. Sai ruwan sama. Juma'ar da ta biyo baya muryarsa na rawa.

"Maigida, sanyin ya dawo da fushi. Man motata ya daskare a tanki. Iska kamar reza."

"Gonakin fa?"

"Madubi. Wallahi in ka tsaya a bakin hanya sai ka ga sama a cikinsu."

Duka ukun da dattijuwar ta lissafa sun faru a jere. Ga kuma ɗaya ɓangaren da ya sa na miƙe tsaye: da yake ba dusa, shanun can sun yi ta kiwo a fili, ba wanda ya taɓa rumbunsa, tsohuwar ciyawa ta yi kwantai, farashinta ya faɗi ƙasa warwas. Kaya ga shi da araha, na baɗi kuma mai yiwuwa ya mutu a ƙasa, amma ba wanda zai tabbatar sai ƙanƙarar ta narke.

Madam Doris ba yarinya ba ce. Ta ce wa Isyaka, "Na san abin da mutuminka yake tunani, kuma wataƙila ya yi daidai. Amma ina da ma'aikata da za a biya, kuma ba na cin ciyawa." Ta riƙe wani kaso, ta sayar mini da kwantena uku, ta haɗa ni da maƙwabtanta biyu da suka kawo sauran biyar.

Abu Nasir na samu a wani shagon shayi a kasuwar Souq Waqif, lokacin ba a daɗe da sake gina wannan ɓangaren ba, bango yana warin sabon yaɓe. Na yi masa bayani tun daga bargo har madubi. Ya saurara yana juya ɗan kofinsa.

Ya ce, "Bara ka ce dusa ta sauka, a saya. Bana ka ce dusa ba ta sauka ba, a saya. Ya Adam, akwai yanayin da ba a saye a cikinsa?"

Na ce, "Allah ya ja da ranka, akwai. Bara ne."

Ya yi dariya har ya ajiye kofi, amma ya ce ko riyal ɗaya ba zai ƙara ba. Abin da ya yarda da shi kawai shi ne in yi amfani da kasona da ke cikin sito, in nemo sauran da kaina, sharaɗinsa kuma yana nan. Na sayar da motata ga Bashir, wani Basudane mai sito kusa da nawa. Na bi masu sayena shida ɗaya bayan ɗaya, na ce su ba ni wani abu a gaba, ni kuma na yi musu alkawarin farashin yau har ƙarshen zafi, ko kasuwa ta hau ko ta sauka. Huɗu suka bayar. Biyu suka ce za su yi shawara, wanda a nan ma'anarsa a'a.

Kaya suna kan teku, cikin watan Maris, sai Isyaka ya kira ba ranar Juma'a ba.

"Maigida, bargon naka ya iso. Har gwiwa."

Labarin ya zagaya kasuwa, domin ni da bakina na cika mutane da zancen dusar ƙanƙara. Bashir ya riƙa wucewa ta gaban sitona a cikin motata, ya danna ham, ya leƙo ya ce, "Ya Haji, yaya sanyin Amurka?" Abu Nasir bai kira ba, kuma shirunsa ya fi ham ɗin Bashir nauyi. Lissafina shi ne dusar ta makara, abin da zai mutu ya riga ya mutu tun Janairu. Amma lissafi ne kawai, na mutumin da bai taɓa ganin abin da idonsa ba, kuma irin wannan lissafin ne ya kayar da ni bara.

Da ta narke ƙasa ta saki, na roƙi Isyaka ya bi Madam Doris gona. Yadda suke dubawa shi ne a haƙo saiwa da shebur, a tsaga ta da wuƙa. In cikinta fari ne da tauri, tana da rai. Ya kira ni daga tsakiyar gonar, ina jin iska a wayar.

"Na tsaga ta farko. Ruɓaɓɓen rogo, Maigida. Ruwan ƙasa, laushi, har wari."

"Matsa gaba. Je wajen tudu."

Ya yi tafiya, ina jin numfashinsa. "Nan akwai fari jefi-jefi. Kwarin kuwa duk ya tafi. Tsohuwar ta ce rabin gonar sai dai ta nome ta shuka masara." Sannan ya rage murya ya ce, "Kada ka yi murna da ƙarfi, tana kusa da ni."

Na ce ya gaya mata duk abin da ta samu a shekarar, ni ne mai saye na farko, a farashin da ta faɗa.

Saukar kwantena takwas a sito mai ɗaukar biyar shi ne aikin da ya fi ba ni wahala a rayuwata. Na ari fili a izbar Abu Nasir, na shimfiɗa katakai, na jera dami da tazara don iska ta ratsa, na rufe da tampol ta sama kawai, gefe a buɗe. Zafin Doha yana cin launin ciyawa, laimar teku kuma tana shiga cikinta, in ta yi ɗumi sosai tana iya kamawa da wuta da kanta. Kullum da safe sai na bi layi ina tura hannu. Kwantena ɗaya ya zo da laima tun daga can, ruwa ya shiga ta rufinsa. Ban sayar wa kowa ba, ko mai awaki. Na sa aka kwashe aka zubar.

Kasuwa ba ta motsa nan da nan ba. Sai da zafi ya kama sosai, lokacin da sabon kaya ya saba isowa, sannan dillalan Dubai suka fara cewa a jira mako mai zuwa. Ashe masu shanun madara na can da suka rasa a Nebraska da maƙwabtanta sun bazama sauran jihohi suna saye, abin da ake fitarwa waje ya ragu, farashi ya tashi ko'ina. Lokacin kuma masu raƙuma suke gina jikin dabbobinsu kafin tseren sanyi, ba mai yarda ya sauya musu abinci.

Na farkon da ya dawo ɗaya ne daga cikin ukun da suka bar ni. Ya sha shayi kofi uku yana tambayar lafiyar iyalina da bai taɓa gani ba, sannan ya tsinke kara ya tauna.

Ya ce, "Nawa?"

Na faɗa masa farashin kasuwa na ranar, ban ƙara ba, ban rage ba. Na ce amma da sharaɗi: shekara guda cur a wajena zai riƙa saye.

"Yalla, rubuta," in ji shi.

Haka na yi wa duk wanda ya zo. Huɗun da suka ba ni kuɗi a gaba kuwa na cika musu alkawari har dami na ƙarshe, a tsohon farashi, ko da yake Bashir ya ce hauka nake. Su ne suka riƙa faɗin sunana a majalisun da ni ba zan taɓa shiga ba.

Ga yadda lissafin ya tsaya a ƙarshen shekarar. Cikin kwantena takwas, ɗaya ya tafi juji, bakwai sun ƙare tas kafin sanyi. Faɗuwar bara ta rufe, har da saura. Masu saye daga shida sun koma goma sha huɗu, tara a cikinsu da yarjejeniyar shekara. Abu Nasir ya sabunta takarda, ya mayar da rabo biyu daidai, ya kuma kama mana sito na biyu. Isyaka ma na cire masa kaso a ribar, ya zuba a kan tirela tasa ta kansa. Madam Doris ta yi asarar rabin gona, amma ɗan abin da ta riƙe ni na saye shi a farashin da ta yanka, ban nemi ragi ba.

Abu ɗaya ne bai dawo ba. Na je wa Bashir da kuɗin motata har da ƙari, ya ƙi. Ya ce motar mutum mai sa'a ce, ba zai rabu da ita ba. Dole na sayi sabuwa.